Vsevolod: Sunan Sarauta Da Korarren Sarki Ya Ceto Daga Ɓacewa

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Sunan da za mu tattauna a kansa yau shi ne Vsevolod, sunan maza ne na Rasha. In ka nemi sunayen da aka fi raɗa wa jarirai a Mosko a 'yan shekarun nan, za ka tarar da Mikhail, Aleksandr, Maksim, Lev da makamantansu a sahun gaba. Vsevolod yana can baya. Kowane ɗan Rasha ya san sunan, amma ba kowa ne ya yi aji ɗaya da mai shi ba.

Sunan tsohon harshen Slabiya ne, wato harshen kakannin Rashawa da danginsu, gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko tana nufin duka, ta biyu tana nufin mallaka ko mulki. Wato mai mulkin kowa da komai. Ɗan'uwan sunan Vladimir ne, domin saiwar mulkin nan guda ce a cikinsu. Kun ji kuwa ba sunan da manomi zai ɗora wa ɗansa ba ne a wancan zamani. Na gidan sarauta ne, gidan Rurik, waɗanda suka mulki Kiev da sauran biranen ƙasar Rus. A gidan nan sunaye gado ne, ana yi wa kaka takwara, ana yi wa baffa takwara, kuma sunan da aka ba yaro yakan nuna kujerar da ake masa fata.

A shekarar 988 Sarki Vladimir na Kiev ya karɓi addinin Kirista na ɗarikar Otodoks daga Rumawan Gabas, ya kuma sa talakawansa suka bi shi. Daga nan 'ya'yan sarauta suka koma masu suna biyu: na gado wanda duniya ke kira, da na baftisma wanda aka ɗauko daga sunayen waliyyan coci. Shi kansa Vladimir, Vasily ne a coci. Wanda ya karanta tarihin Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin Sarki Yaji, wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, Ali ne kuma Yaji ne, sabon suna da tsoho suna tafiya tare.

Masu sunan Vsevolod da suka yi mulki suna da yawa, amma uku zan ɗauka.

Na farko ɗan Yaroslav Mai Hikima ne, ya mulki Kiev daga 1078 zuwa 1093, sunansa na coci Andrei. Ɗansa Vladimir Monomakh ya rubuta a wasiyyarsa cewa mahaifinsa yana zaune a gida ya iya harsuna biyar. Wannan ya ishe mu a kansa.

Na biyu shi ne babba a cikinsu. Ya mulki ƙasar da babban birninta ake kira Vladimir, gabas da Mosko, daga 1176 har rasuwarsa a 1212. Laƙabinsa Babbar Sheƙa, saboda yawan 'ya'yan da ya haifa. Wata tsohuwar waƙar yaƙi ta zamaninsa ta yi masa kirari cewa mayaƙansa za su iya fantsamar da kogin Volga da filafilan jiragensu, su kwashe kogin Don da hulunan kwanonsu. Sunansa na baftisma Dmitry, shi ya sa majami'ar farin dutse da ya gina a birnin Vladimir take ɗauke da sunan waliyyi Dmitry, kuma tana nan tsaye har yau. Aleksandr Nevsky, shahararren sarki kuma jarumin yaƙi a tarihin Rasha, jikansa ne, kuma daga tsatson Nevsky sarakunan Mosko suka fito.

To a nan nake so ku lura. Mutumin da ya haifi gidan sarautar Mosko ke nan, amma ku bi jerin waɗanda suka hau gadon Mosko: Daniil, Yury, Ivan, Semyon, Dmitry, Vasily, sai Ivan, sai Vasily kuma. Babu Vsevolod ko ɗaya. Jikoki sun gaji ƙasa, sun bar suna. Dalili shi ne al'adar suna biyu ta yi ta ja da baya, coci ta yi ƙarfi, har ya zama sunan da yake cikin kalandar waliyyai shi ne suna. Kalandar nan suna kiranta svyattsy. Kowace rana tana da waliyyanta, kuma limamin coci yakan duba ranar haihuwa, ko ranar suna wadda a al'adarsu rana ta takwas ce, ko ranar baftisma, ya zaɓo daga ciki. Yawancin sunayen da ke kalandar na Girka ne da Ibraniyanci da Latin. Ivan, wanda kowa ke ɗauka shi ne ainihin sunan Rasha, asalinsa Yohana ne. Tsoffin sunayen Slabiya kuwa, sai wanda wani mai shi ya zama waliyyi ne ya samu ƙofar shiga.

Wa ya shigar da Vsevolod? Na ukun namu, wanda ya fi sauran rashin sa'a. Jikan Monomakh ne, yana sarautar Novgorod, babban birnin kasuwanci na arewa. A 1136 mutanen gari suka tashi masa. Suka tsare shi a gidan bishop tare da matarsa da 'ya'yansa da surukarsa kusan wata biyu, suka jera masa laifuffuka: ba ya kula da talakawan ƙauye, ya taɓa barin garinsu yana neman wata sarauta a Pereyaslavl, kuma a fagen yaƙi shi ya fara juya baya. Sannan suka kore shi. Masana tarihi da yawa daga wannan shekara suke ƙirga farkon jamhuriyar Novgorod, lokacin da gari ya koma shi ke ɗaukar sarki, shi ke sallamarsa. Mai mulkin kowa da komai, ga shi an nuna masa ƙofa!

Mutanen Pskov suka karɓe shi a 1137, bai daɗe ba ya rasu a 1138. Su kuwa suka riƙe shi hannu bibbiyu, suka mai da kabarinsa wurin ziyara, suka ɗauke shi majiɓincin birninsu. A ganina har da siyasa a ciki, domin Pskov ta daɗe tana neman fita daga inuwar Novgorod, kuma samun waliyyinta na kanta, wanda Novgorod ta wulaƙanta, ba ƙaramin jari ba ne. Daga baya cocin Rasha gaba ɗaya ta amince da shi. A kalanda ana rubuta shi da sunayensa biyu, Vsevolod da Gavriil, wato Jibrilu. Ta wannan kafa sunan ya halatta a baftisma. Duk da haka ƙarnuka suka wuce ba kasafai ake raɗa shi ba.

A ƙarni na 19 ne masu ilimin Rasha suka waiwayi tsohon tarihinsu, sunayen tsoffin sarakuna suka fara dawowa gidajen masu hali da 'yan boko. A cikin wannan guguwa aka haifi marubuci Vsevolod Garshin a 1855, wanda ya je yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 aka ji masa rauni, ya yi fama da taɓin hankali, ya mutu a 1888 yana da shekara 33. Matasan zamaninsa sun ƙaunace shi ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu wani saurayi ne daga garin Penza, ɗan gidan Jamusawa mabiya ɗarikar Luther, mai suna Karl Meyerhold. A 1895 ya koma Otodoks, ya zaɓi sunan Vsevolod don girmama Garshin. Meyerhold ɗin nan ne ya zama shahararren mai shirya wasan kwaikwayon dandamali, wanda gwamnatin Stalin ta kama a 1939 ta harbe a 1940. Akwai kuma Vsevolod Pudovkin, ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na farkon zamanin Sobiyet.

Na ga masu ƙwallo sun fara hamma, to ga naku. Vsevolod Bobrov yana cikin tawagar Dynamo ta Mosko da ta je Birtaniya a 1945, suka yi uku da uku da Chelsea, suka ci Arsenal huɗu da uku a cikin hazo. 'Yan Arsenal ku yi haƙuri, ba ni na tsara ba. Mutumin nan kuma ya ci zinaren Olamfik a 1956, ba a ƙwallon ƙafa ba, a wasan hoki na ƙanƙara.

Bayan juyin juya halin 1917 rajistar haihuwa ta bar hannun coci ta koma ofishin gwamnati, iyaye suka samu sakewa. Wasu suka ƙirƙiro sunaye irin Vladlen, wanda aka yanko daga Vladimir Lenin. Tsoffin sunayen Slabiya ma sun ci moriyar wannan, domin babu ƙamshin coci sosai a jikinsu. Vladimir ya cika gari, Vyacheslav da Stanislav suka yaɗu, amma Vsevolod bai taɓa kai su ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 aka sake yayin tsoffin sunaye, Matvey da Timofey da Yaroslav suka dawo da ƙarfi, Vsevolod ma ya ɗan ɗaga, ba dai zuwa sahun gaba ba.

Wata ɗaliba ta aiko da tambaya a takarda, tana cewa me ya hana shi yaɗuwa. Ƙanwata, ni dai ina zargin nauyinsa a baki. A Rasha ana kiran mutum cikin girmamawa da sunansa haɗe da na mahaifinsa. Ɗan Vsevolod zai zama Vsevolodovich, 'yarsa kuma Vsevolodovna. Iyaye suna auna wannan tun kafin su raɗa suna, suna tunanin jikokin da ba a haifa ba da malaman makarantar da za su riƙa kiran sunayensu kowace safiya. A cikin gida kuwa ba mai wahalar da kansa, Seva kawai ake ce wa yaron, daga uwarsa har abokan wasansa. Akwai wata tambayar?