Yadda Ake Sabunta Tsohon Bututun Ƙazanta Ba Tare da Haƙa Ƙasa Ba

Masu kallo, assalamu alaikum. Abin da kuke gani yanzu a wannan bidiyon cikin wani bututun ƙazanta ne na ƙarfen zubi, irin wanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin gidaje masu yawa a Amurka kafin bututun roba ya maye gurbinsa a shekarun 1970. Faɗinsa inci 4 ne, kuma kyamarar da aka zura masa a kan doguwar waya ce take nuna mana bangonsa. Wannan jan abu mai kaushi da ya rage faɗin hanyar tsatsa ce da ta yi shekaru tana taruwa, kuma ita ce take riƙe takardar bayi da maiƙon ɗakin girki har bututun ya toshe.

Ƙarfen zubi yana da kauri, yakan kai shekara 50 ko fiye yana aiki, amma ƙazanta tana cin sa ta fuska biyu. Daga sama, iskar da ke tashi daga ƙazantar, mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, tana taruwa a danshin rufin bututun, inda ƙwayoyin bakteriya suke mayar da ita asid mai cin ƙarfe. Daga ƙasa kuma, ruwan da ke gudana dare da rana yana zaizaye gindin bututun har ya yi masa dogon tsagi, wani lokaci ma ƙarfen wurin ya ƙare ƙurmus, ƙazantar ta riƙa kwarara cikin ƙasa. A jihar Fulorida, inda akasarin gidaje suke zaune a kan daɓen siminti, gyaran da aka saba shi ne a fasa tayil da siminti, a haƙa rami daga bayi zuwa falo, iyalin gidan kuma su ƙaura har a gama.

Dabarar da ta kawo sauƙi ta fito ne daga Ingila. A shekarar 1971 wani injiniya mai suna Eric Wood ya gwada ta a wata magudanar ƙazanta da ke unguwar Hackney a Landan, daga baya kamfanin Insituform ya yaɗa ta. Ana barin tsohon bututun a inda yake, a ƙera sabo a cikinsa, shi kuma tsohon ya zama mazubin da ke ba wa sabon siffa.

Tsaftacewa ita ce matakin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne ake bambance gwanin ma'aikaci da mai ha'inci. Ana zura wata sarƙa mai juyawa da sauri a kan igiyar ƙarfe, tana dukan bangon bututun tana kankare tsatsar, sannan a bi da ruwa mai tsananin ƙarfi a wanke ɓurɓushin. Dole ne mai aikin ya san inda zai sassauta hannu, domin sarƙar da ta kankare tsatsa tana iya huda ƙarfen da ya riga ya yi siriri. Idan kuwa aka bar tsatsa, rigar da za a saka a cikin bututun, wadda ita ce za ta zama sabon bututun, ba za ta kwanta lumui ba, ta kafe da ƙulle-ƙulle da ƙazanta za ta riƙa maƙalewa a kansu.

Rigar kanta doguwar jaka ce ta yadi mai kauri ko ta zaren gilashi, wadda ake yanka daidai tsawon bututun, a jiƙa ta sharkaf da ruwan gam. A aikin cikin gida, galibi gam ɗin da ake kira epoksi ake amfani da shi. Daga nan sai a hura ta ciki da iska, tana tafiya tana juyewa kamar yadda ake juya safa ciki ya koma waje, ta yadda ɓangaren da ke ɗauke da gam ɗin shi ne zai manne da ƙarfen. Ana riƙe ta a kumbure har gam ɗin ya daskare, ko dai a bar shi da kansa na wasu awanni, ko a gaggauta shi da ruwan zafi, ko tururi, ko wata fitila ta musamman da ake ja ta ciki. Abin da ke fitowa bututu ne mai santsi, marar mahaɗa, wanda kaurinsa milimita kaɗan ne, kuma ana tsara shi ne don ya kai shekara 50. Da yake rigar takan rufe bakin rassan da ke shigowa daga wurin wanka da wurin wanke-wanke, sai a tura ƙaramin injin yanka mai kyamara ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya daga ciki.

Akwai batun lafiya da bai kamata a tsallake ba. Gam ɗin da aka fi amfani da shi a manyan magudanan titi yana ɗauke da sinadarin sitairin, kuma masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun nuna cewa tururin da ke fita lokacin daskarar da shi yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa ga ma'aikata da maƙwabta. Saboda haka mai gida yana da haƙƙin tambayar irin gam ɗin da za a shigar masa.

Dabarar kuma ba ta gyara kowace ɓarna, ko da mai neman kwangila ya ce tana gyarawa. Rigar siffar tsohon bututun take bi, don haka idan wani sashe ya lotsa har ruwa yana kwanciya a cikinsa, bayan aikin ma haka zai ci gaba da kwanciya. Idan bututun ya rufta, babu hanyar da rigar za ta wuce. A irin wannan hali sai dai a haƙa wurin kaɗai a canza shi, ko kuma, idan bututun a tsakar gida yake, a ja wani kan ƙarfe mai tsini ta cikinsa, yana farfasa tsohon yana jawo sabon bututun roba a bayansa.