Gundumar Lobin: Inda Mai Ya Fi Ruwan Sha Sauƙin Samu

Assalamu alaikum. To jama'a, yau za mu leƙa can yammacin jihar Teksas ta Amurka, daidai kan iyakarta da jihar Niyu Meksiko. Akwai wata gunduma a wurin, Lobin sunanta. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 1,700, amma da aka yi ƙidayar 2020, mutum 64 kacal aka samu a cikinta. Na ga wasu suna dariya. Wallahi 64, ko sahu biyu na masallacin Juma'a ba za su cika ba. Babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a duk faɗin Amurka.

Me ya kori mutane? Ruwa. Wurin gefen hamada ne, ruwan sama ƙalilan ne, ƙasa sai ƙaya da yashi. Kogin Fekos ya ratsa ta gefenta na yamma, sai dai ruwansa zartsi ne, ba ya shayuwa da daɗi.

Sunan ma daga wani mai koron shanu aka samo shi, Oliver Loving. Shi da abokinsa Charles Goodnight ne suka buɗe wani dogon burtali a 1866, suna bin gaɓar Fekos da garkuna zuwa arewa. A 1867 mayaƙan ƙabilar Komanci, waɗanda tun da can yankin kiwonsu da farautarsu ne, suka yi masa kwanton ɓauna suka raunata shi. Ciwon ya ruɓe, ya rasu a sansanin soja na Fort Sumner da ke Niyu Meksiko. Goodnight ya ɗauko gawarsa ya maido ta Teksas, don cika alkawarin da ya yi masa.

Yanzu ku saurari abin da ya fi ba ni mamaki. An shata gundumar a 1887, aka kafa mata hukuma a 1893. Waɗanda suka tsaya kan kafawar 'yan wani kamfanin noman rani ne, suka yi ta romon baka cewa za su ja ruwan Fekos ta magudanai, hamada ta koma lambu. Ashe damfara ce. Suka tattara nasu-ya-nasu suka gudu, har majalisar jiha ta rushe hukumar a 1897, ta jingina yankin da maƙwabciyarsa, gundumar Ribs.

Man fetur ne ya farfaɗo da ita. An same shi a shekarun 1920, aka sake kafa hukumar a 1931, da ɗan ƙauyen Menton a matsayin hedikwata. Duk da haka jama'a ba su zauna ba. Makarantarsu ma an rufe ta a 1972, yara sai garin Wink.

Yau manyan motocin kamfanonin mai suna ta zirga-zirga dare da rana, ma'aikata su shigo da safe su fita da yamma. A baya kuwa, shekara da shekaru mazauna Menton da tanki suka riƙa jido ruwan sha daga wasu garuruwa, alhali rijiyoyin mai sun kewaye gidajensu.

Akwai mai tambaya?