Sesubiyum: tsiron bakin teku da ke jure gishiri, yadda ake gane shi da yadda ake shuka shi

Assalamu alaikum masu kallonmu, musamman manoman rani na Maraɗi da kewaye. Duk wanda ya daɗe yana ban ruwa a garka ya san wani farin ɓawo da kan fito a saman ƙasa a lokacin bazara, wanda idan ya yi yawa sai salati da tumatir su ƙi girma ko da an zuba musu taki. Wannan ɓawo gishiri ne da ruwa ya bari a baya bayan rana ta shanye shi. Tsiron da muka kawo muku yau yana rayuwa a irin wannan ƙasa cikin ƙoshin lafiya, kuma ana cin ganyensa.

Masana suna kiransa Sesuvium portulacastrum, sunan da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya ba shi a 1759, mu kuwa za mu taƙaita mu ce sesubiyum. Mazauninsa gaɓar teku ce a ƙasashe masu zafi, daga Afirka ta Yamma zuwa Asiya da Amurka, don haka direbobinmu da ke ɗauko kaya daga Kwatano ko Lome wataƙila sun sha taka shi a kan rairayi ba tare da sun kula ba.

Ga yadda ake gane shi. Yaɗo yake yi a ƙasa, tsayinsa ba ya wuce santimita 30, amma reshe ɗaya kan kai mita guda, kuma sau da yawa jikin reshen ja ne mai santsi. A kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa sai ya fitar da saiwa. Ganyayen suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, sirara ne masu kauri da sheƙi, cike da ruwa, kuma idan aka ɗanɗana ɗaya za a ji gishiri nan take. Furen ƙarami ne, guda ɗaya a hammatar ganye, yana da kunnuwa biyar kamar tauraro, cikinsu ruwan hoda ko shunayya, bayansu kore. Wannan fure shi ne ke raba shi da harshen saniya da muka sani a gonakinmu, wanda furensa rawaya ne, ganyensa kuma ya fi faɗi da zagayayyen baki. Harshen saniya yana gama rayuwarsa cikin shekara guda, sesubiyum kuwa yana shekaru a wuri ɗaya.

Dabararsa ita ce, ba ya hana gishiri shiga jikinsa, sai dai yana killace shi a wasu ƴan ma'ajiyoyi cikin ƙwayoyin ganyen, sannan ya tara ruwa mai yawa don ya sirka shi. Kaurin ganyen daga nan ya samo asali. Abin da wannan ke nufi ga mai garka shi ne, duk reshen da aka yanka aka fitar, ya tafi da wani kaso na gishirin ƙasar. Amma idan aka bar yankakken ya ruɓe a wurin, ko aka zuba shi a ramin taki, gishirin zai koma inda ya fito. A ganinmu bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, domin aikinsa a hankali yake tafiya, kuma ba zai maye gurbin gyara magudanar ruwa ba.

Shukarsa ba ta da wahala. A yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku, a binne ta ƙasan a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yashi, a wurin da rana ke samu sosai, tare da barin tazarar kamar kamu ɗaya da rabi tsakanin dashe da dashe. A riƙa ba shi ruwa har ya kama, daga nan yana iya jure ƙishi. Saboda yawan yaɗonsa, a yi masa fangali na daban, kuma kada a jefa rassansa a Gulbin Maraɗi ko a hanyoyin ruwan Jiratawa.

A ƙasar Filifin ana kiransa dampalit, ana jiƙa shi a ruwan tsami a ci da abinci. A nan gida za a iya tsinko ɗanyen kan reshe, a tafasa, a zubar da ruwan, a sake tafasawa, sannan a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli kamar na zogale, ba tare da an ƙara gishiri ba. Mai hawan jini ya ci kaɗan. Kuma tunda tsiron yana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma idan suna cikin ƙasa, wanda ya tsiro kusa da juji ko kwatar ruwan datti ba na ci ba ne, ga mutum ko ga dabba.