Gaskiyar Darduma Tana Bayanta

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, ga Nura, ga kuma Malam Garba ya dawo daga tafiya. Yau da ƙyar muka samu wurin zama, domin Nura ya shigo mana da wata ƙatuwar darduma a kafaɗa kamar ɗan dako.

Nura: Anti Hadiza, shaida na kawo. Watan jiya na saye ta a wani shago, mai shagon ya rantse mini saƙar hannu ce daga Iran. Kuɗin ba zan faɗa ba, uwargida tana sauraron shirin nan. Tunda Malam ya yi shekaru yana wannan fatauci, na ce bari ya gani ya sa albarka.

Malam Garba: To, shimfiɗa mu gani. A'a, ba haka ba, kifa ta. Juya mini bayanta.

Nura: Malam, ai adon yana gaba.

Malam Garba: Gaban na mai saye ne, mu 'yan kasuwa baya muke dubawa. Hadiza, me kika gani?

Hadiza: Wani farin ƙyalle ne mai kauri aka manna, ya rufe bayan gaba ɗaya.

Malam Garba: Kankare gefen nan da farcenki.

Hadiza: Kai! Wani gari ne yake zubowa kamar alli.

Malam Garba: Gam ne ya fara bushewa. Nura, sai haƙuri, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wannan da wata na'ura mai kamar bindiga ake yin ta. A ɗaure ƙyalle a jikin katako, a zana ado, mutum ya riƙe na'urar yana harba zare yana bin zanen. In ya gama a shafe bayan da gam don kada zaren ya zube, a manna ƙyalle a rufe. Kwana kaɗan an gama. Da hannu aka riƙe na'urar, shi ya sa mai shago zai dafa ƙirji ya ce maka aikin hannu ne.

Nura: Inna lillahi. Wato bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba.

Malam Garba: Ga ƙaramar sallayata nan, riƙe ka gwada. A Istanbul na saye ta, ta fi shekara ashirin a hannuna. Dubi bayanta.

Nura: Ikon Allah, adon gaban ne sak a baya, sai dai ba gashi. Ga wasu 'yan ƙananan gidaje jere kamar ƙwayar gero.

Malam Garba: Kowane ɗaya ƙulli ne, kuma yatsun mutum ne suka ƙulla shi. Ka san yadda masaƙanmu suke wadari, su ja zare su jera? To haka ake fara ta, a ja zaren tsaye a jikin masaƙa ya yi tsam. Sai mai saƙa ta ɗauki zaren ulu mai launi, ta zagaya shi a zaren tsaye guda biyu, ta ƙulla, ta datse da 'yar wuƙa, ta matsa gaba. In layi ya cika sai ta ratsa zaren kwance, ta ɗauko wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi ta doddoka har ya zauna daram, ta bi da almakashi ta daidaita gashin. Sannan layi na gaba. Gezar nan da kake gani a baki ba ado ba ce da aka ɗinka, ƙarshen zaren tsayen ne ya leƙo. Duba gezar taka.

Nura: Ɗinka ta aka yi. Ga ma zaren ɗinkin.

Hadiza: (dariya) Malam, ka bar shi haka kada ya suma. Na ji kana cewa "ta ƙulla", mata ne masu yi?

Malam Garba: A ƙauyuka da rugagen makiyaya yawanci mata ne. Ƙabilar Kashkai ta kudancin Iran, masaƙarsu a ƙasa take kwance, in za a tashi a naɗe ta a ɗora wa dabba. Ba su da zane a takarda, abin da yarinya ta gani wurin uwarta shi take yi. A birane kamar Tabriz da Kashan da Isfahan kuwa akwai maza sosai, kuma da zane a gabansu, kowane ɗan gida a takardar ƙulli ɗaya ne. Ƙullin ma iri biyu ne manya. Na Turkawa yana naɗe zare biyun duka, ya fi riƙo. Na Farisa yana naɗe ɗaya ya ratsa ƙarƙashin ɗayan, shi ya fi ba da damar yin lanƙwasa da furanni ƙanana.

Hadiza: Ni abin da ya hana ni barci da nake shirin yau, wata darduma ce da ake kira Pazirik. A 1949 wani masanin tona kayan tarihi ɗan Rasha, Sergei Rudenko, ya tono ta daga kabarin wani basarake a duwatsun Altai na Saiberiya. Ta kai shekara 2,400 a duniya, ita ce mafi tsufa cikin dardumomin ƙulli da suka iso mu kusan a cike. Kuma ɓarayi ne suka yi sanadin tsirarta.

Nura: Ɓarayi kuma?

Hadiza: Sun fasa kabarin tun zamanin da, suka kwashi abin da suke so suka bar rami. Ruwa ya shiga, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, darduma ta zauna a ciki ba ruɓa ba asu. Yanzu tana gidan tarihi na Hermitage a birnin Saint Petersburg. Faɗinta da tsawonta wajen mita biyu-biyu, ga mahaya dawaki jere a gefe, ga barewa suna kiwo, kuma a kowace murabba'in santimita akwai ƙulli kusan 36. Wanda ya yi wannan ba ɗan koyo ba ne, ka san sana'ar ta daɗe kafin shi.

Malam Garba: Wannan ban gan ta ba, amma na tsaya a gaban wadda ake kira dardumar Ardabil, 'yar Iran, a Landan, gidan tarihi na Victoria da Albert. Tsawonta ya haura mita 10, faɗi ya haura 5. Tana kwance cikin gilashi, ba a barin fitila a kanta don kada launi ya koɗe, minti goma ake kunnawa duk rabin awa. Na zauna ina jira kamar mai jiran likita. Da aka kunna, wallahi sai da na yi salati. Shuɗi ne mai duhu, furanni sun cika shi, a tsakiya ga wata rana mai ruwan ɗorawa, fitilu biyu suna rataye a gefenta. A gefe guda an saƙa baitin mawaƙin Farisa Hafiz, da sunan mai aikin, Maksud Kashani, da shekara: 946 bayan Hijira, wato 1539 zuwa 1540, zamanin Shah Tahmasp, sarkin Iran.

Nura: Ƙulli nawa ke jikinta?

Malam Garba: Wajen miliyan 26. Ɗauko wayarka ka buga. Mu ƙaddara gwani yana ƙulla 10,000 a yini.

Nura: Kwana 2,600. Shekara bakwai da 'yan kai ke nan, ba Juma'a ba Sallah.

Malam Garba: In mutum ɗaya ne. Ai jeruwa suke a kan benci, kowa da yankinsa. Kuma tagwaye ne aka saƙa. Da suka tsufa aka yanki sassan ɗaya aka gyara ɗaya, gidan tarihin ya sayi gyararriyar a 1893 kan fam 2,000. Wadda aka yanka tana Los Angeles a Amurka.

Hadiza: Malam, shuɗin nan da ka ambata, baba ne irin namu?

Malam Garba: Dangi ɗaya ne. Abin da ake tsomawa a karofin Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, shi ne marinan Iran suke tsoma ulu a ciki. Zare ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka. Ja kuma daga saiwar wani tsiro ake samu, a busar a daka. Ruwan ɗorawa daga ɓawon rumman da wasu ganyaye. In ana son kore sai a rina sau biyu, baba da ɗorawa. Daga 1856 da wani yaro Bature, William Perkin, ya haɗa rinin sinadari na farko, sai abin ya kwararo kasuwa. Na farko-farkon sun yi ɓarna, wasu su zuba in an wanke, wasu rana ta cinye su. Na yanzu suna riƙewa, ba zan yi musu ƙazafi ba, amma ba sa tsufa da kyau irin na itatuwa.

Nura: Malam, sallayar taka ma ta koɗe ta nan. Jan ya yi duhu, daga nan kuma ya yi haske.

Malam Garba: Ba koɗewa ba ce. Zaren mai saƙar ne ya ƙare a nan, ta ɗauko wanda aka rina a wata tukunyar. Su Farisawa abrash suke ce masa, masu sani har nemansa suke. Inji ba ya yin wannan da kansa, sai dai in an kwaikwaya da gangan.

Hadiza: Bari in ɗan kauce. Jiya na ce wa kakata zan yi shiri kan darduma, sai ta ce, "Au, kilishi?" Na ɗauka nama take so.

Malam Garba: (dariya) Hajiya ta fi ki Hausa. Kilishi shimfiɗar sarauta ce, har sarautar Kilishi akwai a fada, shi ne mai kula da shimfiɗar sarki. Mu abin da hannunmu ya gada shi ne tabarmar kaba da buzu da saƙi. Mai ƙulli shigo da ita ake yi, shi ya sa ta zama kayan sarakai da attajirai. Sallayar da alhazai suke rabawa tsaraba kuwa, kusan duk inji ne, daga Turkiyya ko Sin.

Hadiza: Akwai inda abin ba daɗi, kuma ba zan tsallake ba. Ƙullin nan da muke yabo, an sha samun yara ƙanana ne suke yinsa a Indiya da Pakistan da Nepal, a ɗaure da bashin iyayensu. Iqbal Masih yana ɗan shekara 4 aka kai shi masaƙa a Pakistan, ya gudu yana ɗan 10, ya riƙa yawo yana tona asirin masu masaƙun, aka harbe shi a 1995 yana ɗan 12. Kailash Satyarthi na Indiya, wanda ya raba kyautar Nobel da Malala a 2014, shi ya kafa tambarin Rugmark a 1994, yanzu sunansa GoodWeave, don mai saye ya san an binciki masaƙar.

Malam Garba: Gaskiya ne, kuma mu fatake ba mu cika tambaya ba. Ni kaina na yi shekaru ina ciniki, in an yi mini araha murna nake, ban taɓa cewa wa ya saƙa ba. Da na fara lissafin watannin da ke cikin abu ɗaya, sai na gane arahar nan wani ne ya biya ta.

Nura: To ni yanzu ya zan yi da tawa? In mayar?

Malam Garba: Gwada, amma kada ka je da faɗa. Kifa masa ita a gaban shago, ka ce ya nuna maka ƙulli ɗaya. In ya ƙi karɓa, shimfiɗa abarka, za ta yi maka 'yan shekaru. Kada dai ka jiƙa ta sharkaf, gam ɗin zai saki ta fara wari. In kuma wani ya ce maka tasa siliki ce, zari silin geza ɗaya ka ƙyasta ashana. Na gaske warin ƙonannen gashi yake, na jabu warin takarda ko roba.

Hadiza: Nura, me za ka faɗa wa uwargida?

Nura: Ai ta riga ta ji. Ga saƙonta nan ya shigo, wai in biyo da kuɗin cefanen da na ce sun ɓata.

Hadiza: Malam, taimaka masa ya naɗe kayansa. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.