Shugaban cibiyar yaƙi da jahilci da abin da aka damƙa masa

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Zariya ba baƙuwar yaƙi da jahilci ba ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ta riƙa fitar da ƙananan littattafai a shekarun 1950 domin waɗanda suka koyi karatu da girmansu. Yau cibiyoyin ilimin manya na nan a unguwanninmu, amma wata ajinta maƙil, wata kuwa sai benci da rajista. Nan da nan sai a ce laifin shugaban cibiya ne. Ni dai ba na saurin yanke masa wannan hukunci.

A duba abin da aka damƙa masa. Sau da yawa ajin aro ne daga firamare ko Islamiyya, sai an tashi yara yake karɓar makulli. Idan alawus ɗin malamansa ya yi watanni shiru, da wane baki zai tsawata wa wanda ya tafi neman na cefane?

Sai horo, wanda ya fi damuna. Koyar da yaro daban, koyar da magidanci mai shekara 50 daban. Dattijon nan ya danne kunya kafin ya shigo aji. Ka gyara masa kuskure da tsawa a gaban sa'o'in 'ya'yansa, wallahi gobe ba za ka gan shi ba, kuma zai janye abokansa. Shugaban da bai san wannan ba, yaya zai nuna wa malamansa?

Wanda aikinsa ke tafiya za ka tarar unguwa ta san shi. Ya gaishe da mai unguwa, liman ya yi masa sanarwa bayan sallah. Ajin mata ya sa shi lokacin da suka sauke tukunya, da damina ya matsar da na manoma zuwa dare. Darasi kuwa ya faro daga buƙatarsu: karanta saƙon banki a waya, rubuta bashi a shago, gane ƙa'idar shan magani. Wanda aka ba kujerar don ɗan wane ne ba zai yi wannan zirga-zirgar ba.

Tun 1990 Najeriya ke da hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya. Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da masana ilimi birjik. Roƙona a haɗa hannu a riƙa tara shugabannin nan kwas lokacin dogon hutu, a kuma biya malamansu kafin a buɗe aji.