Awon Ƙasa Daga Sama: Laccar Da Aka Gabatar A Kano

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Zan fara da abin da ya fi yawan rikita mutane. Hoton da aka ɗauka daga sama ba taswira ba ne. Da yawa cikinmu mun buɗe Google a waya, mun hango rufin gidanmu, muka ce ai ga taswira nan. A'a. Akwai aiki mai yawa tsakanin hoton da taswirar da safiyo zai sa wa hannu, kuma a kan wannan aikin zan tsaya yau.

Tarihin a gurguje. Wani Bafaranshe da ake kira Nadar ne ya fara ɗaukar hoto daga sama a 1858, yana cikin balan-balan. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da abin sana'a. Mu nan Kano jirgi ya fara sauka a 1925. A 1946 Ingila ta kafa hukumar awon ƙasashen da take mulka, kuma da hotunan jirgi aka zana akasarin taswirorin Najeriya masu sikeli 1:50,000, wato santimita ɗaya a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, waɗanda har gobe ake amfani da su a sashen nazarin ƙasa na jami'o'inmu. A 1972 aka buɗe cibiyar koyar da wannan fanni a Ile-Ife.

To yaya ake yi? Jirgi yana tafiya a miƙe, kyamara na kallon ƙasa, ya kai ƙarshen layi ya juyo, kamar mai huɗa da garma. Kowane hoto sai ya hau kan na bayansa da kashi 60 cikin 100, layi kuma ya hau kan layi da kashi 20 zuwa 30. Za ku ce ɓarnar fim ce. Ba ɓarna ba ce, nan sirrin yake. Idan an ɗauki wuri ɗaya daga kusurwa biyu, aka sa hotunan a ƙarƙashin gilashin da ke ba kowane ido hotonsa, sai ka ga Dala da Goron Dutse sun taso, kwari ya lotsa. Da haka ake fitar da tudu da gangare ba tare da an taka kowane saƙo ba. Duk mai son gina dam irin Tiga, ko ya ja ruwa zuwa gonakin Kadawa, wannan bayanin yake fara nema, don ruwa gangare yake bi.

Ga ɗan lissafi, ku rubuta. Tsohuwar kyamarar awo tana da tazarar gilashi, wato nisan da ke tsakanin gilashin kyamara da fim, milimita 152, fim ɗinta santimita 23 kowane gefe. Idan jirgi ya tashi mita 3,800 sama da ƙasa, sikeli ya zama 1:25,000, hoto guda ya kwashe kusan murabba'in kilomita 33. Ku ƙiyasta watannin da mai sarƙa da ma'auni zai yi kafin ya gama wannan a ƙafa.

Amma hoton yana da ƙarya a cikinsa. Ƙololuwar Dala ta fi kusa da kyamara, saboda haka tana fitowa da girma fiye da Kurmi. Dogon bene da ke gefen hoto sai ka gan shi ya kishingiɗa waje. Iska ta karkata jirgi, komai ya goce. Maganin wannan yana ƙasa: sai safiyo ya je ya auna wasu wurare da ake iya ganewa a hoton, mahaɗar titi ko kusurwar katanga, a ɗaure hoton a kansu, kwamfuta ta miƙar da shi. Kuma ku kula, tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka gina su, wato daga wani wuri a Minna ake lissafa matsayin ko'ina, wayarku kuwa da na duniya take aiki. Wanda ya haɗa su bai daidaita ba, fulotinsa zai matsa da gomman mitoci, ya faɗa cikin na maƙwabci.

Lokaci ma sai an zaɓa. Da damina girgije, da hunturu hazo. Ɗan tsakanin nan bayan ɗaukewar ruwa shi ne na masu wannan aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin hotuna. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, yana cikin waɗanda suka gwada hotunan shekaru daban-daban na gonakin kewayen Kano. Ana ta cewa manoma sun ƙarar da itatuwa, sai ƙidaya ta nuna suna nan, manomi yana kiwon ɗorawarsa da gawonsa. A cikin birni kuwa labarin ba daɗi. Ɗauki tsohon hoto ka jera da na yau, ka bi badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Ɗan'agundi, ka ƙirga kududdufan da aka cike aka yi gini a kai. Ruwan da suke shanyewa da, yanzu ina zai je? Ni dai a ganina, kafin a ba da izinin gini a kowace unguwa ya kamata a ciro waɗannan hotuna a duba.

Wani ɗalibi ya turo takarda yana tambaya, tunda akwai tauraron ɗan'adam da jirgi mara matuƙi, me ya rage wa safiyo? Ɗana, tauraron Najeriya NigeriaSat-2 da aka harba a 2011, kowace ƙwayar hotonsa faɗin mita 2.5 take kamawa a ƙasa, ba za ta raba maka katanga da lungu a Yakasai ba. Jirgi mara matuƙi yana gani har zuwa 'yan santimitoci, sai dai batirinsa ba ya nisa, kuma sai da izinin hukuma ake tashinsa. Ko ya nuna katangar, ba zai gaya maka ta wace ce ba, gado ce ko saye. Wannan sai an je wurin mai unguwa da dattawa, an duba takardu a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano.

An yi mini alama lokacin Magariba ya gabato. Sauran tambayoyi bayan salla, in sha Allahu.