Chaplin ya rubuta nasa, ina na Ibro?

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan majalisar bakin tasha a Wudil da mutanen Warawa. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a Kennington nake, kudancin Landan, unguwar da Charlie Chaplin, shahararren ɗan wasan barkwancin fim, ya tashi.

Ga littafinsa nan a hannuna, My Autobiography, wato tarihin rayuwarsa, ya fito a 1964. Farkonsa ne nama. Mahaifiyarsa mawaƙiyar dandali ce, murya ta dushe mata, ta koma ɗinki a ɗakin haya, ƙarshe taɓin hankali ya kai ta asibiti. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi da ɗan'uwansa gidan da ake tara matalauta a Lambeth, aka yi musu aski, aka raba su da uwarsu. Karanta nan kawai, ka gane inda ya samo burgujejen wandon nan da ƙaton takalmi da yake sawa a fim. Amma da kuɗi ya zo, labarin ya lalace. Yau ya ga Churchill, gobe Gandhi, jibi Einstein. Na riƙa tsallake shafuka, wallahi.

Ina karantawa Rabilu Musa Ibro ne ke faɗo min a rai, Allah ya ji ƙansa. Ɗan Danlasan ne, ya yi aikin gandireba kafin fim ya ɗauke shi, ya rasu a Disambar 2014. Mutumin da ya yi shekaru yana buɗe wa fursunoni ƙofa yana rufewa, wane irin mutane ne bai gani ba? Bai bar mana ko shafi ɗaya ba.

Wani ƙanena ya ce in taɓa Terry Pratchett, mai littattafai 41 a kan duniyar da giwaye huɗu ke ɗauke da ita bisa bayan kunkuru. Akwai dariya, amma sai mai Turanci sosai. Kai da ke da Ruwan Bagaja a gida, fara da shi. Da Ibro ya fito a Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da an mutu da dariya.

To samarin Warawa, kowa yana da waya. Ku je Danlasan, ku gaida tsofaffin da suka yi ƙuruciya da shi, ku nemi izininsu, ku ɗauki muryarsu. Ku turo min ta WhatsApp, kuɗin data a wuyana.